Daga Haƙorin Doki zuwa Lambar Shasi: Tarihin Cinikin Motar Hannu a Kano

Zaitawa ɗaya ce daga mazaɓu 13 na ƙaramar hukumar Birni da Kewaye. Kamar sauran tsofaffin unguwannin da ke cikin ganuwar Kano, an shata lungunanta ne tun zamanin da doki da jaki da raƙumi suke ɗaukar mutum da kayansa, don haka babu inda za a jera mota goma a cikinsu. Filayen sayar da motoci suna bayan ganuwa, a gefen titin Gidan Zoo da titin Zariya da titin Maiduguri. Amma sana'ar da ake yi a waɗannan filaye a cikin gari aka raine ta. Saurayin Zaitawa da ya tara ɗan abin hannunsa yake tunanin fara sayar da motoci, dillanci zai shiga, kuma dillanci ya girmi mota da ɗaruruwan shekaru.

A cikin shekara hamsin da suka wuce, hanyar da mota take bi ta iso Kano ta sauya sau uku. Kowane sauyi ya tafi da dukiyar waɗanda suka jingina da ratar farashi kawai. Abin da ya tsallake duka ukun shi ne lamuni, wato dillali ya tsaya wa kayan da ya sayar, a san inda za a same shi idan magana ta tashi.

Maigida da dillali

Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499), ta ginu ne a kan matsalar da har yau take damun mai sayen mota: baƙo ya zo da kaya, mai saye bai san shi ba, kuma bai san cikin kayan ba. Maganin da Hausawa suka yi wa matsalar mutum biyu ne. Akwai maigida, mai saukar da fatake, ya adana musu kaya da kuɗi. Akwai dillali, mai haɗa ciniki ya karɓi la'ada. Abner Cohen, wanda ya nazarci unguwar Sabo ta Ibadan a littafinsa na 1969, ya nuna yadda masu shanu daga Arewa suke bayar da dabbobinsu bashi ga mahautan da ba su taɓa gani ba, saboda maigida ya yi lamuni. Idan mahauci ya kasa biya, maigida ne a ciki. Jarinsa na gaskiya sanin mutane ne da kuma sunansa.

Cinikin doki ya fi kowanne kama da na mota. Ana iya wanke doki a gyara shi ya yi ƙyalli ranar kasuwa, alhali yana da ciwon da sai an yi nisa da shi zai bayyana. Shi ya sa ƙwararren dillali yake buɗe bakinsa ya duba haƙora don sanin shekarunsa, ya ɗaga kofato, ya sa a sukwane shi. Fiƙihun Malikiyya, wanda alƙalan Kano suke hukunci da shi, ya wajabta wa mai sayarwa bayyana aibin da ya sani, ya ba mai saye damar mayar da kaya idan ya tarar da tsohon aibin da aka ɓoye masa, ya kuma haramta tayin ƙarya da ake yi don a zuga farashi. A 1970 masanin tattalin arziki ɗan Amurka George Akerlof ya ɗauki kasuwar motar hannu misali, ya bayyana cewa idan mai saye ba zai iya bambanta mai kyau da maras kyau ba, zai yi tayin maras kyau a kan kowacce, masu motocin kirki su janye, kasuwa ta lalace. Wannan nazari yana cikin abin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 2001. Kurmi ta daɗe da sanin ciwon, ta kuma san maganinsa.

Zamanin kamfani

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kamfanonin Turawa suka biyo shi suka kafa kantuna a gabas da ganuwa. Shekaru da yawa bayan haka sabuwar mota a hannunsu take: UAC, John Holt, CFAO, SCOA, Leventis. Motar hannu a lokacin ta gida ce, wadda ma'aikaci ko ɗan kasuwa ya gaji da ita, kuma galibi an san mai ita, an san makanikinsa.

Kuɗin man fetur na shekarun 1970 ya faɗaɗa kasuwar. Ƙarin albashin Udoji ya shiga aljihun ma'aikata a farkon 1975, a shekarar da kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara haɗa motoci, Volkswagen ma ya fara a Legas. Kano ta samu nata kamfanin haɗa manyan motocin Fiat, Bauchi ta samu Steyr. Peugeot 504 ta zama motar ma'aikaci, akori-kura ta zama ta ɗan kasuwa. Ribar dillali a wannan zamani tana cikin samun kaso daga kamfani, wato a cikin wanda mutum ya sani a ofis.

Wannan duniya ta rushe a 1986. Gwamnatin Babangida ta shigo da shirin SAP, ta buɗe kasuwar canji a watan Satumba. Naira, wadda a 1985 ta ɗan fi dala daraja, ta koma kusan 4 a dala a 1987, ta kai wajen 22 a farashin gwamnati a 1993. Kamfanonin haɗa motoci da sassa daga waje suke aiki, sai farashinsu ya wuce albashin kowane ma'aikaci. Waɗanda sana'arsu ita ce jiran kaso suka wayi gari babu abin jira.

Kwatano

Giɓin da sabuwar mota ta bari, tsohuwar motar Turai ce ta cike shi. Ana tara motoci daga Jamus da Holan da Faransa a unguwar Heyvaert ta birnin Brussels, a loda su a tashar jiragen ruwa ta Antwerp, shi ya sa sunan Beljiyam ya bi motar ko da a Jamus aka hau ta. Mafi yawansu a Kwatano suke sauka, saboda harajin Jamhuriyar Benin bai kai na Najeriya ba. A can aka buɗe manyan filayen motoci, da yawansu a hannun 'yan Lebanon. Karyewar darajar sefa da rabi a Janairun 1994 ta girgiza lissafi, amma ba ta tsayar da cinikin ba.

Hanyar Arewa tana da nata salo. A rubuta cewa mota Nijar za ta, a tuƙo ta har Malanville, ta haye kogin Kwara zuwa Gaya, ta wuce Ƙonni ko Maraɗi, daga nan ta gangaro ta Illela ko Jibiya. Alhazan Maraɗi sun riga sun ƙware a irin wannan fito da atamfa da taba. Ta haka Golf da Honda da Peugeot 406 suka cika tashoshi da gidajen Kano. Wannan ne zamanin da ƙaramin ɗan kasuwa ya fi samun ƙofa: mutum ya haɗa kuɗin mota ɗaya, ya hau motar dare, ya dawo bayan mako biyu ya sayar, ya koma.

Sai dai ribar nan 'yar doka ce, kuma doka ba ta zauna wuri ɗaya ba. A 2001 gwamnatin Obasanjo ta hana shigo da motar da ta haura shekara 5, daga baya ta sassauta zuwa 8, a ƙarshen 2010 aka mayar da iyakar 15. Tsarin bunƙasa masana'antar motoci na 2013 ya ɗora harajin kashi 35 cikin ɗari da ƙarin wani kashi 35. Daga 1 ga Janairu 2017 aka haramta shigo da mota ta kan iyakar ƙasa gaba ɗaya. A watan Agusta na 2019 aka rufe iyakokin, ba a buɗe ba sai Disamba 2020. Daga ƙarshen Satumba na 2019 jami'an kwastan suka riƙa garƙame filayen motoci a Legas da biranen Arewa suna neman takardun haraji. Ranar nan aka bambance dillali biyu: wanda kowace motarsa take da takardar da lambar shasinta ta dace da rajistar kwastan, da wanda ya sayi araha ya rufe ido. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Amurka da dala

Sauyi na uku ya zo ta intanet. Yau mutum yana zaune a Kano zai iya bin gwanjon Copart ko IAA a Amurka, inda kamfanonin inshora suke sayar da motocin da suka yi haɗari ko ruwa ya ci. Motar ta hau jirgi ta sauka a Tin Can a Legas, a gyara ta, a fesa fenti. Nisan da ke tsakanin mai saye da asalin motar ya ƙaru, aibi ya ƙara ɓuya. Ambaliya irin ta guguwar Harvey a 2017 ta nutsar da dubban motoci a Texas, kuma motar da ruwa ya ci tana iya tafiya lafiya wata uku kafin wayoyinta su fara ruɓewa. Amma fasahar da ta kawo nisan ta kawo haƙoran dubawa: lambar shasi mai harafi da lamba 17 tana buɗe tarihin motar, har da hotunanta na ranar gwanjo da adadin tafiyar da ta yi kafin a taɓa agogonta. Kwastan ma da wannan lamba ta fara ƙiyasta haraji a 2022.

Daga nan sai dala. A watan Yuni na 2023 aka saki naira, farashin gwamnati ya tashi daga wajen 460 zuwa sama da 700, a Fabrairun 2024 ya haura 1,500. A ɗauki misali: dillali ya kashe dala 6,000 a kan mota lokacin da yake sayen dala a kan 750, wato naira miliyan 4.5. Ya sayar miliyan 5.5, ya rubuta ribar miliyan ɗaya. Da ya koma sayen irinta a kan 1,500, sai ya tarar miliyan 9 ake nema. Littafinsa ya nuna riba, filinsa ya nuna gurbi. Cire tallafin mai a ƙarshen Mayu 2023 ya ƙara wani sauyin: motoci masu manyan injina suka yi kwantai, masu tsimin mai suka yi tsada.

Abin da mai farawa zai ɗauka

Tsohon tsarin Kurmi har yanzu shi ne ƙofa mafi aminci. Mai ƙaramin jari ya fara zama a filin wani maigida, ya sayar da motocin mutane ya ci la'ada, har ya san ƙarar injin lafiya da ta mai ciwo, ya san masu saye da sunansu. Shekara ɗaya a haka ta fi hayar fili da allon suna. Idan kuɗin wani zai juya, ƙiradin da fiƙihu ya tsara yana nan: mai dukiya da mai aiki su yanke rabon riba tun farko, a rubuta, a sa shaidu.

In ya fara saye da kuɗinsa, mota biyu ko uku masu saurin fita sun fi guda ɗaya mai tsada. A Kano wannan yana nufin motar da kayan gyaranta suke a Ƙofar Ruwa, wadda makanikin unguwa ya san cikinta. Motar da ta kwana wata huɗu a fili tana cin kuɗin haya da gadi da wanki, batir ya mutu, rana ta ci fenti. Gara a sallama da ƙaramar riba kuɗi ya juyo. Farashin sayarwa kuwa daga kuɗin maye gurbin motar ake lissafa shi, ba daga abin da aka biya wata uku baya ba. Uwar kuɗi da kuɗin cefane kada su kwana a aljihu ɗaya.

Takarda gaba take da inji. Kafin a biya ko kafin-alƙalami, a tabbatar da harajin kwastan da lambar shasi, a gwada lambar da ke jikin mota da ta takarda. Motar hannu ta gida tana buƙatar ƙarin kula, domin motar sata ta wannan ƙofa take shigowa: a ga mai ita ido da ido, a karɓi shaidarsa, a rubuta yarjejeniya, a biya ta banki. Shi kansa kasuwancin a yi masa rajista a hukumar CAC, da kuma sashen SCUML na hukumar EFCC, domin dokar hana halasta kuɗin haram ta ambaci dillalan motoci.

Na ƙarshe shi ne mafi tsufa. Duk aibin da dillali ya sani, ya faɗa, ya rubuta a takardar ciniki, ya bar mai saye ya zo da makanikinsa. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, ba zai dawo da ƙara ba. Wanda aka sayar wa rariya da sunan ƙwarya kuwa zai dawo, kuma a unguwa irin Zaitawa ba sai ya je kotu ba. Mai saye da mai sayarwa a sahu ɗaya suke salla, a zaure ɗaya suke zaman ɗaurin aure da na ta'aziyya. Labarin giyar da ta tsaya a hanyar Wudil yakan riga mai motar isowa gida.

Kamfanin haɗa motoci na Kaduna da ya taɓa ciyar da dillalan Arewa, a 2006 dillalin motoci ne ya saye shi, a 2012 hukumar AMCON ta karɓe shi saboda bashi. Hanyar Kwatano da ta yi attajirai, takarda ɗaya ta gwamnati ta toshe ta. Dala ma ba ta yi wa kowa alkawari ba. Dillalin da tsohon mai saye yake kawo masa ɗansa ya zaɓar masa motar farko, shi ne wanda kowace sabuwar hanya take tarar da shi a kasuwa.