Wa Ke Naɗa Fasto? Rabuwar Ikilisiyar Sikotlan a 1843 da Tsadar 'Yanci

Ranar 18 ga Mayu, 1843, babban taron shekara na Ikilisiyar Sikotlan ya zauna a majami'ar St Andrew da ke Edinbura. Shugaban taro mai barin gado, David Welsh, ya miƙe ya karanta takardar ƙorafi a kan shisshigin kotuna cikin harkokin ikilisiya, ya ajiye ta a kan tebur, ya fice. Fastoci da dattawa suka bi shi sahu-sahu zuwa zauren Tanfield, inda suka kafa 'Yantacciyar Ikilisiya suka ɗora Thomas Chalmers a kan shugabanci. Daga cikin fastoci kusan 1,200, fiye da 450 suka sa hannu suka saki albashinsu da gidajen da suke zaune da majami'un da suke wa'azi. Hujjar wannan maƙala ita ce, 'yancin jama'ar addini bai tsaya a kan ingancin aƙida ko ƙarfin halin shugabanni kaɗai ba. Yana rataye ne a kan wanda ke biyan kuɗin ibada, kuma tarihin 1843 ya nuna haka ta fuskar nasara da ta fuskar abin kunya.

Tushen rigimar yana cikin bambancin hanyar da Ingila da Sikotlan suka bi wajen rabuwa da Roma. A Ingila daga sama aka yanke: dokar 1534 ta mai da Sarki Henry na Takwas shugaban coci, aka bar bishop-bishop a kan kujerunsu a ƙarƙashin fada. A Sikotlan kuwa, sauyin 1560 da John Knox ya ja gabansa ya haifar da tsarin dattawa, wanda a cikinsa fastoci ke daidai da juna, mulki kuma yana hannun majalisu tun daga unguwa har zuwa ƙasa. A 1596 Andrew Melville ya faɗa wa Sarki James na Shida baki da baki cewa masarautu biyu ne a Sikotlan, kuma a ta Almasihu sarki ɗan ikilisiya ne kamar kowa. Da Charles na Ɗaya ya ƙaƙaba wa mutanen Sikotlan littafin addu'a mai kama da na Ingila a 1637, sai tarzoma ta ɓarke a majami'ar St Giles, shekarar da ta biyo baya aka ɗaura Alkawarin Ƙasa a Greyfriars. Saboda wannan tarihi ne, lokacin haɗewar ƙasashen biyu a 1707, Sikotlan ta sa aka rubuta cewa ba za a taɓa tsarin ikilisiyarta ba.

Shekara biyar kacal aka yi, majalisar Landan ta zartar da dokar 1712, wadda ta mayar wa masu manyan filaye da fadar sarki ikon gabatar da fasto ga ikilisiyar unguwa. A Ingila wannan al'ada ce da aka saba, ba ta tayar wa kowa da hankali. A Sikotlan kuwa karya alkawari ce, kuma ita ta fitar da Ebenezer Erskine da abokansa daga ikilisiyar a 1733. A 1834 babban taro ya kafa ƙa'idar cewa idan mafi yawan magidanta maza masu cin jibin Ubangiji suka ƙi mutum, ba za a naɗa shi ba. A Auchterarder magidanta fiye da 280 suka ƙi Robert Young, wanda mai ƙasa ya gabatar. Young ya kai ƙara, babbar kotun Sikotlan ta ba shi gaskiya a 1838, majalisar dattawan Birtaniya ta tabbatar a 1839.

Abin da ya faru a Marnoch cikin Janairun 1841 shi ya fi fito da ma'anar hukuncin a fili. An zo naɗa John Edwards bisa umarnin kotu, alhali mutum ɗaya tak daga cikin 'yan unguwa ya sa hannu a takardar kiransa. Jama'a suka cika majami'a, aka karanta ƙin yardarsu, sannan kowa ya ɗauki Littafinsa Mai Tsarki daga kan benci suka fita cikin dusar ƙanƙara. Aka naɗa fasto, garken da zai yi kiwo yana waje.

Masu goyon bayan kotu suna da hujjar da ta cancanci a auna ta. Albashin fasto da gidansa dukiya ce da doka ta tanada, ikon gabatarwa kuma haƙƙi ne da ake gada har ake sayarwa. Ikilisiyar da ke cin wannan arziki ba ta da hurumin soke dokar majalisa da ƙa'idar taronta. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Girman mutanen 1843 shi ne ba su musanta wannan lissafi ba. Da gwamnatin Robert Peel ta yi watsi da kokensu na 1842, sai suka zaɓi su ajiye ladan. A nan suka bambanta da fastocin Ingila kusan 2,000 da dokar 1662 ta kora: waɗancan korarsu aka yi, waɗannan da ƙafarsu suka fita.

Fita abu ne na yini guda, amma rayuwa bayan fita sai da tsari. Chalmers ya kafa asusun bai-ɗaya wanda masu karɓa ke bi gida-gida suna tara kwabo a mako, a raba daidai tsakanin fastoci, ta yadda ikilisiyar masunta a tsibirai za ta rayu da gudummawar 'yan kasuwar Glasgo. Cikin shekara huɗu aka gina majami'u sama da 700, ga makarantu ɗaruruwa, ga kwalejin horon fastoci a Edinbura. Inda masu filaye suka hana fili, jama'a suka yi ibada a sarari. A Canonbie a bakin hanya suke taruwa. A Strontian kuwa sai aka tara kuɗi aka ƙera majami'ar ƙarfe mai yawo a kan ruwa, aka jawo ta zuwa mashigin Sunart a 1846, masu ibada na zuwa cikin kwale-kwale, domin ikon mai ƙasa bai kai kan teku ba.

Sai dai buƙatar kuɗi ta kai su inda bai kamata ba. Wakilan da aka tura Amurka sun dawo da kimanin fam 3,000 daga majami'un kudanci, waɗanda a cikin mabiyansu akwai masu mallakar bayi. A 1846 Frederick Douglass, wanda shi kansa daga bauta ya tsere, ya zagaya biranen Sikotlan yana kiran a mayar da kuɗin. Ba a mayar ba. Shugabannin da suka ƙi rusunawa a gaban kotu sun sassauta harshe a kan bauta don kada su ɓata wa masu bayarwa rai. Wannan tabo ne da bai kamata mai ƙaunar tarihinsu ya rufe ba, kuma yana tabbatar da hujjar nan ɗaya: canja mai biya ba ya kawar da nauyin biyan.

Daga baya gwamnati ta sauko. An soke ikon masu filaye a 1874, dokar 1921 ta amince cewa Ikilisiyar Sikotlan ita ke da iko a kan al'amuranta na ruhaniya, a 1929 kuma mafi yawan ɓangarorin suka sake haɗewa. Yau sarkin Birtaniya shugaba ne a cocin Ingila, inda bishop 26 ke da kujeru a majalisar dattawa, amma a Sikotlan rantsuwar kare ikilisiya kawai yake yi, kamar yadda Charles na Uku ya yi a Satumban 2022. Wannan matsayi ba kyautar fada ba ce. Talakawa ne suka saye shi da kwabonsu, kuma duk jama'ar da ke son zaɓen mai ja mata ibada sai ta ɗauki nauyinsa, ta kuma binciki asalin kowane kuɗi da ke shiga asusunta.