Talabijin a Azuzuwan Nijar: Wa Ya Riƙe Darasi?

A shekarar 1964, shekara huɗu bayan samun mulkin kai, gwamnatin Diori Hamani ta soma gwajin koyar da 'yan firamare ta talabijin da taimakon kuɗi da ƙwararru daga Faransa, a lokacin da galibin yaran Nijar ba su taɓa shiga aji ba, malaman da suka sami horo kuma ba su taka kara sun karya ba. An fara da aji biyu a Yamai, daga baya aka kai aji 22 masu ɗaukar yara kusan 800 a birnin da ƙauyukan kewayensa.

Abin da ya bambanta wannan gwaji shi ne mutumin da aka tsayar a gaban yara, wanda ake kira monita, wato matashin da iliminsa bai wuce na firamare ba, aka ba shi horon 'yan watanni aka damƙa masa aji. Masu tsara shirin sun ɗauka cewa malami na ainihi yana ɗakin shirye-shirye, monita kuwa ɗan rakiya ne, amma tsarin ranar karatu ya nuna akasin haka, domin darussan da ake watsowa gajeru ne, kowanne bai kai rubu'in sa'a ba, sauran yinin duk a hannun monita yake. Shi ne ke shirya yara kafin hoto ya fito, shi ke lura da wanda ya yi shiru a bayan aji, idan an kashe akwati kuma shi ke sa su maimaita abin da suka gani da baki da wasan kwaikwayo da zane, har Faransancin da aka fara koya musu da shi tun ranar farko, alhali ba harshen gidajensu ba ne, ya zauna a bakinsu. Rahotannin lokacin sun yaba yadda yaran ke magana ba ɗari-ɗari, yabon da yawancinsa ya tafi ga na'ura, ko da yake akwatin ba ya jin amsar yaro, balle ya gyara ta.

Shirin bai bazu yadda aka yi fata ba, saboda tsada da rashin lantarki a ƙauyuka, wanda ya sa aka koma ga faifan hasken rana, da kuma zamansa a gefe guda da sauran makarantu, inda malamai masu takardar shaida ba su ga dalilin maraba da tsarin da ke nuna ana iya yi ba da su ba. Ƙasar Kwaddibuwa ta ɗauki wannan hanya a 1971 da faɗi mai yawa, tana watso darussa daga Buwake, ta kuma rufe shirin a farkon shekarun 1980 bayan ƙorafin malamai da iyaye cewa yara sun iya magana amma rubutu ya gagare su. A Nijar, kayan aiki da ma'aikatan shirin ne suka zama harsashin gidan talabijin na ƙasa a ƙarshen shekarun 1970.