Ƙirƙirar Hoto a Matsayin Hanyar Bincike a Fagen Zanen Isar da Saƙo

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci yadda aikin zana hoto ko ɗaukarsa ke zama hanyar samar da ilimi a fagen zanen isar da saƙo. An bi hanyar nazarin ayyuka uku da suka shahara: tsarin Isotype na Viyana, gwaje-gwajen fahimtar hoto a kudancin Afirka, da ɗaukar hoto da matan karkara suka yi a ƙasar Sin. Maƙalar ta gano cewa hoto yana cika sharaɗin bincike ne idan an taskace matakan yin sa, an gwada shi a idon waɗanda aka yi dominsu, an kuma rubuta dalilin kowane sauyi.

Fitilun kalmomi: zane, hoto, hanyar bincike, isar da saƙo

1.0 Gabatarwa

A yawancin kundayen bincike, hoto yana zuwa ne a ƙarshe, bayan an gama tattara bayanai, domin ya ƙawata abin da aka riga aka rubuta. Amma mai zane ya san cewa akwai tambayoyin da ba sa tasowa sai an ɗora alƙalami a kan takarda. Wanda zai zana yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari dole ya yanke shawara a kan girman cokali, irin ƙoƙon, da hannun wanda ke damawa. Kowace shawara hasashe ce game da abin da mai kallo zai gane, kuma ana iya gwada ta.

Frayling (1993), na Kwalejin Zane ta Masarauta da ke Landan, ya kasa bincike a wannan fage gida uku: bincike a kan zane, bincike ta hanyar zane, da bincike domin zane. Kashi na biyu shi ne abin da ya dami wannan maƙala. Kafin shi, Schön (1983) ya nuna cewa ƙwararre yana tunani ne a tsakiyar aiki: ya zana, ya duba abin da zanen ya bayyana masa, sannan ya gyara.

2.0 Ayyukan da Aka Nazarta

2.1 Isotype

A 1925 Otto Neurath ya kafa gidan baje kolin al'umma da tattalin arziki a Viyana, domin ma'aikata su fahimci alƙaluman gidaje, lafiya da aikin yi. A nan aka fito da tsarin nuna alƙaluma da alamomin hoto, wanda aka sani da Isotype, kuma Gerd Arntz ne ya sassaƙa yawancin alamomin. Ƙa'idarsu ita ce a nuna yawa ta hanyar maimaita alama mai girma ɗaya, maimakon a ƙara wa alamar girma, domin ido ba ya iya auna faɗin siffa daidai.

Muhimmin aikin yana hannun Marie Neurath, wadda ke tsakanin masana da masu zane. Takan karɓi alƙaluma, ta yi ta zana su a siga daban-daban har dangantakar da ke cikinsu ta fito fili. A shekarun 1950 ta yi wa gwamnatin Yankin Yammacin Nijeriya ƙananan littattafai a kan ilimi, lafiya da zaɓe. A nan ya zama dole a sake zana mutum, tufafi da gida, domin alamomin Turai ba su yi kama da abin da mutanen Ibadan ke gani a kullum ba. An adana daftarorin wannan aiki a Jami'ar Reading, kuma saboda su ne ake iya bin sawun tunaninta a yau.

2.2 Gwajin fahimtar hoto

A 1960 William Hudson ya wallafa gwajin da ya yi a Afirka ta Kudu. Ya nuna zanen maharbi riƙe da mashi, ga barewa a kusa, ga ƙaramar giwa a kan tudu daga nesa, ya tambayi mutane wace dabba ake nufi da mashin. Da yawa daga waɗanda ba su yi makaranta ba sun zaɓi giwa. An daɗe ana fassara wannan da cewa gazawa ce ta masu kallo. Masanan da suka biyo baya sun nuna cewa salon zanen da yadda aka yi tambayar suna da hannu a sakamakon.

Andreas Fuglesang ya sauya akalar tambayar a Zambiya. Ya fito da abu ɗaya a salo daban-daban, har da zanen layi, cikakken hoton kyamara, da hoton da aka share bayansa. Mutane sun fi gane na ƙarshen. Darasin shi ne, idan mai bincike ya riƙe saƙo ya sauya salo, hoton da kansa ya zama ma'auni, kuma laifin rashin fahimta yakan koma kan zanen.

2.3 Kyamara a hannun al'umma

A farkon shekarun 1990, Caroline Wang da Mary Ann Burris sun raba wa matan ƙauyukan lardin Yunnan kyamarori domin su ɗauki rayuwarsu ta yau da kullum. Matan sun zauna sun tattauna hotunan, aka kuma nuna su ga masu tsara manufofin lafiya. A wannan hanya, wanda ake bincike a kansa shi ke zaɓar abin da ya cancanci a gani.

3.0 Tattaunawa

Ayyukan nan uku sun haɗu a kan sharuɗɗa huɗu. Na farko, a fara da tambaya takamaimiya. Na biyu, a ajiye kowane daftari da ranarsa, har waɗanda aka watsar, domin su ke nuna inda hasashe ya faɗi. Na uku, a kai hoton gaban masu kallo ba tare da rubutu ba, a tambaye su me suka gani kafin a tambaye su me yake nufi. Na huɗu, a rubuta dalilin kowane gyara yadda wani zai iya maimaita gwajin ko ya ƙalubalance shi.

Hanyar tana da iyakoki. Mai zane yakan so abin da hannunsa ya yi, don haka ya kyautu wani daban ya gudanar da gwajin. Mutane kuma sukan yaba wa baƙo don kara, ko da ba su gane ba. Sannan hoton fuskar mutum amana ce: sai da yardarsa za a ɗauka, sai da yardarsa za a nuna.

4.0 Kammalawa

Inda karatun boko bai wadata ba, fastar rigakafi ko alamar da ke jikin kwalbar magani tana iya zama bayani ɗaya tilo da uwa za ta samu. Kuskure a irin wannan zane yana taɓa lafiya kai tsaye. Saboda haka maƙalar na ba da shawarar sassan koyar da zane su karɓi kundin daftarori da rahoton gwaji a matsayin hujjar bincike, su kuma auna ɗalibi da abin da masu kallo suka fahimta, tare da kyawun aikinsa.