Likita ko mai bincike? Abin da tarihin Sakkwato ya nuna

A ce kai ɗan Fakku ne a ƙaramar hukumar Kebbe, kana karatun likita a Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Wata rana za a tambaye ka: asibiti za ka zauna, ko bincike za ka bi? To, kafin ka amsa, duba tarihin ƙasarka.

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a Wurno a 1837, bai tsaya ga mulki da fiƙihu ba. Ya yi rubutu kan ciwon ido, kan basir, da kan amfanin filasko, cututtuka da magungunan da mutanensa suka sani. Da Hugh Clapperton ya iso Sakkwato a 1824, cikin buƙatun Bello har da a aiko masa likita daga Ingila. Malami ne mai littattafai, amma ya san littafi kaɗai ba ya isa.

Misalin zamaninmu shi ne cutar noma. Ba noman gona ba fa! Cuta ce da ke farawa da kumburin dadashi, cikin 'yan kwanaki ta cinye kunci da leɓe. Ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 masu tamowa, galibi bayan ƙyanda ko zazzabin cizon sauro. In ba a yi magani ba, kusan 9 cikin 10 kan mutu. In an gano ta da wuri kuwa, maganin kashe ƙwayoyin cuta, tsaftar baki da abinci mai gina jiki kan tsayar da ita.

A shekarun 1990, Farfesa Cyril Enwonwu, wanda ya karanci likitancin haƙori, ya yi bincike kan yaran yankin Sakkwato. Shi da abokan aikinsa sun nuna yadda yunwa ke karya garkuwar jiki har ƙwayoyin cutar baki su sami hanya. A 1999 aka buɗe Asibitin Yara na Noma a Sakkwato, kuma daga 2014 ƙungiyar MSF ta shiga aikin. A nan likitoci da nas-nas ba tiyata kawai suke yi ba. Suna rubuta shekarun yaro, garinsu, abincinsa, da matakin da cutar ta kai. Waɗannan bayanai suka zama maƙaloli, maƙalolin suka shiga hujjojin da Najeriya ta gabatar, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya noma cikin jerin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi a Disambar 2023.

Ka ga yadda abin yake tafiya? Tambayar daga bakin gadon majinyaci take fitowa: me ya sa yaran wannan ƙauye suke zuwa a makare? Mai bincike da bai taɓa duba yaron ba, da wuya ya yi tambayar. Likitan da bai rubuta ba kuma, ilminsa ya tsaya a ɗakinsa.

Haɗa biyun akwai wuya, gaskiya: aikin dare, ƙarancin kuɗi, jiran izinin kwamitin ɗa'a. Amma ba sai da babban ɗakin gwaji ake farawa ba. Rajistar asibiti da aka cika da kyau, a Kebbe ko Tambuwal, ita ce matakin farko.