Wa Zai Iya Ci? Awon Karɓuwar Ɗan Takara a Zaɓen Fid da Gwani, Daga Mahangar Basawa da Samaru

Gabatarwa

Duk lokacin da babbar jam'iyya ta tashi fid da wanda zai riƙe mata tuta a zaɓen shugaban ƙasa, tambaya ɗaya ce ke danne sauran: wa zai iya ci? Ana jin ta a majalisun Samaru da Basawa, ana jin ta a kasuwar Sabon Gari, ana kuma jin ta a bakin malaman Jami'ar Ahmadu Bello. Da zarar an ce wane ba zai kai labari ba, maganarsa ta mutu, ko da ya fi kowa sanin aiki. Tambayar tana da hurumi, domin jam'iyya ba ta shiga zaɓe don ta faɗi. Abin dubawa shi ne wa ke yin awon, kuma da wane ma'auni.

Hujjar wannan maƙala ita ce, iya cin zaɓe ba hali ba ne da mutum ke ɗauke da shi a jikinsa a kowane lokaci. Ya dogara ne ga abubuwa biyu: yadda ƙuri'un ɗan takara za su bazu a faɗin ƙasa, da kuma abin da ya rage na jam'iyyarsa bayan an tashi daga taron fid da gwani. Tarihin zaɓukan Najeriya daga 1979 zuwa 2023 ya nuna cewa masu awon sun fi kallon farin jini da ƙarfin aljihu, su manta da waɗannan biyun.

Masu awo da masu jefa ƙuri'a

Ƙaramar hukumar Sabon Gari ta haɗa mazaɓu irin su Samaru da Basawa da Bomo da Jama'a da Hanwa da Dogarawa da Muciya da Cikaji. A cikinta akwai manomin da ya gaji gonarsa, da malamin jami'a, da ɗalibin da ya zo daga wata jiha, da iyalan soja na barikin Basawa, da ɗan kasuwa Ibo ko Bayarabe da aka haifi kakansa a Sabon Gari tun zamanin da jirgin ƙasa ya kafa garin. Wuya a sami ƙaramar hukuma a Arewa maso Yamma da ta tara kalar masu zaɓe kamar wannan.

A shekarar 2022, sashe na 84 na sabuwar dokar zaɓe ya taƙaita jefa ƙuri'a a taron fid da gwani ga zaɓaɓɓun wakilai kaɗai, ya fitar da masu muƙamai da a da suke shiga kai tsaye. Jam'iyyar APC ta ba kowace ƙaramar hukuma daliget uku, PDP kuwa ta ba da ɗaya. Ke nan duk wannan jama'a ta Sabon Gari, mutum uku ne suka yi magana da yawunta a Dandalin Eagle, mutum ɗaya kuma a filin wasa na Abuja inda PDP ta yi nata taron. A ƙasa baki ɗaya, wakilan APC sun ɗan haura 2,300, na PDP kuwa da aka tantance ba su kai 800 ba, alhali masu rajistar zaɓen 2023 sun haura miliyan 93.

Ƙarancin adadin yana da illa biyu. Ta farko, daliget yakan fito ne daga jerin sunayen da gwamna ko uban gidan siyasar jiha ya amince da su, don haka hukuncinsa hukuncin uban gidansa ne. Ta biyu, mutum ɗari takwas suna da sauƙin saye, kuma jaridu sun cika da rahotannin rabon daloli a tarukan jam'iyyun biyu. Tun kafin a kai nan ma kuɗi ya riga ya tace 'yan takara, domin APC ta sayar da fom ɗinta naira miliyan 100, PDP ta sayar da nata miliyan 40. Idan daliget ya ce wane zai iya ci, sau da yawa yana faɗin wanda ya fi ƙarfi a cikin zauren ne. Mai jefa ƙuri'a a rumfar zaɓe ta Hayin Dogo yana da nasa lissafin daban.

Ma'aunin da tsarin mulki ya gindaya

Sashe na 134 na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa mai neman shugabancin ƙasa sharaɗi biyu: ya fi kowa yawan ƙuri'u, ya kuma sami aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu cikin uku na jihohi, wato jihohi 24 cikin 36. Wannan sharaɗi ya samo asali tun Jamhuriya ta Biyu. A 1979 Alhaji Shehu Shagari ya sami rubu'in ƙuri'u a jihohi 12 cikin 19, a Kano kuwa ya tsaya a kusan kashi 20 cikin ɗari. Sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a kan lissafin sha biyu da biyu bisa uku kafin a rantsar da shi.

Muhammadu Buhari shi ne misalin da ya fi bayyana tasirin wannan sharaɗi. A 2011, ƙarƙashin CPC, ya sami ƙuri'u fiye da miliyan 12, ya lashe jihohi 12 na Arewa, amma bai kai rubu'i ba a ko da jiha ɗaya ta Kudu. Farin jininsa a Zariya da Kano da Katsina bai taɓa zama abin shakka ba, kuma bai kai shi Aso Rock ba sau uku a jere. A watan Disamban 2014, a filin wasa na Teslim Balogun da ke Legas, wakilan APC suka ba shi ƙuri'u 3,430, Rabi'u Musa Kwankwaso ya sami 974, Atiku Abubakar ya sami 954. Bayan wata uku ya kayar da shugaba mai ci da ƙuri'u 15,424,921 a kan 12,853,162. Buharin 2015 shi ne Buharin 2011. Abin da ya sauya shi ne haɗakar CPC da ACN da ANPP, da shigowar gwamnonin PDP biyar, da kuma zaman waɗanda suka sha kaye a Legas cikin jam'iyyar har aka yi zaɓe.

Ƙarfin ɗan gida

Hujjar da aka fi kawowa wajen kwatanta 'yan takara ita ce wane zai kawo yankinsa. Zariya ta ga iyakar wannan hujja da idonta. Muhammad Namadi Sambo ɗan Zariya ne, tsohon gwamnan Kaduna, kuma mataimakin shugaban ƙasa mai ci a lokacin, amma tikitin da yake kai ya faɗi a jihar Kaduna a 2011, ya sake faɗi da rata mai faɗi a 2015. A 2023 Yusuf Datti Baba-Ahmed, wanda ya taɓa wakiltar Zariya a Majalisar Wakilai, ya zama abokin takarar Peter Obi. Jam'iyyarsu ta Leba ta sami ƙuri'u 294,494 a jihar, mafi yawansu daga kudancinta, ta zo ta uku.

Akasin haka ma ya faru. A taron PDP na Jos a watan Fabrairun 1999, Olusegun Obasanjo ya doke Alex Ekwueme da 1,658 a kan 521, alhali kowa ya san Yarabawa ba sa tare da shi. Ya faɗi a dukkan jihohi shida na Kudu maso Yamma, ya kuma ci zaɓen ƙasa da gagarumin rinjaye. Shi kansa Bola Tinubu ya faɗi a Legas a 2023, amma ya ci zaɓen ƙasa. Ƙarfin gida jari ne, amma bai taɓa isa shi kaɗai ba, rashinsa kuma bai hana nasara ba.

Taruka biyu na 2022

A PDP, magoya bayan Atiku sun kafa hujja da cewa ɗan Arewa ne kaɗai zai iya gadon ƙuri'un Buhari tun da shi ba ya kan takarda. Magoya bayan Nyesom Wike suka ce bayan shekara takwas na ɗan Arewa, tsarin karɓa-karɓa ya wajabta a koma Kudu, kuma shi ne ya riƙe jam'iyyar lokacin da wasu suka gudu. A daren taron, 28 ga Mayu, Aminu Waziri Tambuwal ya janye ya mara wa Atiku baya. Atiku ya sami 371, Wike 237, Bukola Saraki 70.

Hasashen magoya bayan Atiku game da Arewa bai tashi a banza ba. Ya ci Kaduna da ƙuri'u 554,360 a kan 399,293 na Tinubu, ya ci Katsina da Sakkwato da Kebbi da Yobe da Bauchi da Gombe. Ɓarnar ta zo ta inda ba a auna ba. Kwankwaso ya riga ya koma NNPP tun watan Maris, Obi ya fice kwanaki kaɗan kafin taron, sannan gwamnoni biyar ƙarƙashin jagorancin Wike suka juya wa ɗan takarar baya a kan rikicin kujerar shugaban jam'iyya, Iyorchia Ayu. Jihohi biyar na Kudu maso Gabas da Atiku ya lashe a 2019 duk suka koma hannun Obi. Kano ta ba Kwankwaso ƙuri'u 997,279. Ribas da Oyo da Binuwai suka tafi ga Tinubu. Ƙuri'un Atiku suka sauko daga 11,262,978 a 2019 zuwa 6,984,520.

A APC, shugaban jam'iyya Abdullahi Adamu ya gabatar da sunan Ahmad Lawan a matsayin ɗan masalaha, amma gwamnonin Arewa na jam'iyyar, ciki har da Nasir El-Rufai na Kaduna, suka tsaya a kan mulki ya koma Kudu. Tinubu ya sami 1,271, Rotimi Amaechi 316, Yemi Osinbajo 235, Lawan 152. A babban zaɓe ya sami ƙuri'u 8,794,726, ƙasa da kashi 37 cikin ɗari, wato jam'iyyar ta yi asarar fiye da ƙuri'u miliyan shida idan aka kwatanta da 2019. Jihohi biyu kacal ya ci cikin bakwai na Arewa maso Yamma, Jigawa da Zamfara, amma ƙuri'un da ya tara a yankin, kimanin miliyan 2.6, sun fi waɗanda ya samu a yankinsa na Kudu maso Yamma. Zuwa na biyu a wurare da yawa shi ya ba shi yawan ƙuri'u da kuma jihohin da tsarin mulki ke buƙata, abin da Atiku da Obi ba su samu ba.

Atiku da Obi da Kwankwaso duk 'yan PDP ne a 2019, biyun farko ma a tikiti ɗaya suke. Ƙuri'unsu na 2023 a haɗe sun haura miliyan 14. Ba daidai ba ne a ɗauka cewa duk wanda ya zaɓi Obi a Kafancan ko Kwankwaso a Fagge zai bi tikitin haɗaka, amma tazarar da ke tsakanin Tinubu da Atiku ba ta kai miliyan biyu ba. Wakilan PDP sun auna wanda ya fi ƙarfi tsakanin waɗanda suka rage a zauren, ba su lissafa nauyin waɗanda suka fita ba.

Ƙorafin da za a iya kawowa

Mai musu zai ce wakilan APC sun yi daidai a 2014 da 2022, don haka tsarin daliget yana aiki. Amsa ita ce, a lokutan biyu nasarar ta biyo bayan yarjejeniyar yankuna da aka ƙulla kafin taro, da kuma rarrabuwar abokan hamayya. Wakilan sun sa hannu ne a kan abin da gwamnoni suka gama.

Wani zai ce maganin shi ne 'yar tinƙe, kowane ɗan jam'iyya ya jefa ƙuri'arsa a mazaɓarsa. Wannan ya fi kusa da adalci, domin zai ba mutumin Bomo da na Muciya murya. Amma sai da rajista sahihiya. A 2018 APC ta sanar da cewa Buhari, wanda ba shi da abokin takara, ya sami fiye da ƙuri'u miliyan 14 a zaɓen 'yar tinƙe, adadin da ya kusa kai duk abin da ya samu a babban zaɓen 2019. Muddin rajistar 'yan jam'iyya tana aljihun gwamna, sauya hanya ba ya sauya mai hukunci.

Akwai kuma illar da ta fi waɗannan zurfi. Maganar wa zai iya ci takan tabbatar da kanta: wanda aka ce ba zai ci ba, ba mai ba shi gudummawa, ba mai zuwa taronsa, daga ƙarshe ya faɗi a ce dama an faɗa. A taron PDP na 2011, Sarah Jibril ƙuri'a ɗaya ta samu. Ta wannan hanya ake rufe ƙofa ga mata da matasa da duk wanda ba shi da gwamna a bayansa, a bar talaka ya zaɓa tsakanin waɗanda aka riga aka tace masa. Ba abin mamaki ba ne da kashi 27 cikin ɗari kacal na masu rajista suka fito a 2023.

Kammalawa

Duk mai son kwatanta 'yan takara da gaskiya, a zauren taro yake ko a ajin kimiyyar siyasa a Samaru, ya kamata ya yi tambayoyi uku. A jihohi nawa wannan mutum zai kai rubu'in ƙuri'u? Su wa za su fice ko su yi zagon ƙasa idan aka ba shi tuta, kuma nawa ne nauyinsu? Waɗanda ke cewa zai ci, me suka dogara da shi ban da umarnin uban gida? Jam'iyyu kuma wajibi ne su faɗaɗa adadin masu zaɓen gwani, su fito da rajistar 'ya'yansu fili mazaɓa bayan mazaɓa, su warware rikicin karɓa-karɓa kafin taro. Malaman jami'a suna da nasu aikin: su tattara sakamakon rumfunan zaɓe na wuri mai gauraye kamar Sabon Gari, su riƙa jin ra'ayin jama'a ta hanyar ilimi, don a sami abin da za a auna iƙirarin 'yan siyasa da shi. Bayan duk wannan, tambayar wa ya cancanta tana nan daram, kuma haƙƙin mai zaɓe ne a bar shi ya yi ta kafin a rufe jerin sunaye.