Fitiyom

fitiyom (sn., nj.) Wata ƙwayar cuta mai kama da funfuna, wadda ke rayuwa a ruwan da ba ya gudu, kamar na fadama da gonakin shinkafa. Idan ta samu ƙarzuwa a tantanin da ya rufe baƙin ido, sai ta shiga ta haddasa gyambo mai zafi da saurin ci. An fi samun cutar a Tailan da kudancin Indiya, musamman ga manoma. Tana kama dawaki da karnuka ma.

Kamanninta da funfuna ne ke yaudarar likita. A madubin ƙara girma zaren ƙwayar tamkar na funfuna, amma ba ta da sinadarin agosterol da magungunan funfuna irin su natamaisin ke kai wa hari, don haka sai a yi ta ɗiga magani ido na ƙara lalacewa. Yanzu likitoci sun fi dogara da ɗigon linezolid da azitromaisin. Gyambon da ya yi zurfi kuwa sai tiyata: a yanke tantanin a dasa wani, kuma cutar kan dawo a gefen dashen. In an makara, akan kai ga cire idon. Wanda aka gano da wuri yakan tsira da idonsa, sai dai tabo kan rage masa gani.