Fitarwa da shigar da saitunan rajistar Windows ta layin umarni

Fitarwa da shigar da saitunan rajista ta layin umarni hanya ce da ake bi a babbar manhajar Windows ta kamfanin Microsoft domin kwafe wani sashe na rajista zuwa fayil, ko mayar da abin da ke cikin fayil zuwa rajista, ta rubuta umarni kai tsaye ba tare da buɗe tagar editan rajista ba. Manhajoji biyu ne ke yin wannan aiki, wato reg.exe da regedit.exe, kuma dukkansu suna zuwa tare da Windows. Masu kula da kwamfutocin ofisoshi da makarantu sun fi amfani da hanyar, saboda umarnin da aka rubuta sau ɗaya ana iya maimaita shi a kan kwamfutoci masu yawa.

Rajistar kanta

Rajista rumbun bayanai ce da Windows da sauran manhajoji ke ajiye saitunansu a ciki. Ta fara bayyana a Windows 3.1 a shekarar 1992 da ɗan ƙaramin aiki, sannan Windows NT da Windows 95 suka faɗaɗa ta har ta maye gurbin yawancin fayilolin INI da ake amfani da su a da. Tsarinta kamar bishiya yake: akwai maɓallai, waɗanda suka yi kama da folda, kuma a cikin kowane maɓalli akwai ƙimomi, kowace da sunanta da nau'inta da abin da ta ƙunsa. Manyan rassan da aka fi taɓawa biyu ne. HKEY_LOCAL_MACHINE, a taƙaice HKLM, yana ɗauke da saitunan da suka shafi kwamfutar gaba ɗaya, shi kuma HKEY_CURRENT_USER, wato HKCU, na mutumin da ya shiga kwamfutar ne a lokacin. Sauran ukun su ne HKCR da HKU da HKCC.

A kan faifai, rajista tana cikin fayiloli da dama, kamar SYSTEM da SOFTWARE da SAM da ke cikin C:\Windows\System32\config, da kuma NTUSER.DAT da ke cikin foldar kowane mai amfani. Sunan da aka ba irin wannan fayil a Turanci yana nufin amya, wato gidan zuma. Raymond Chen, injiniya a Microsoft, ya ruwaito cewa ɗaya daga cikin waɗanda suka gina Windows NT ba ya ƙaunar ƙudan zuma, shi ya sa abokin aikinsa da ke kula da rajista ya zaɓi sunan don tsokana.

Fitarwa

Manhajar reg.exe ta shiga cikin Windows kanta tun daga Windows XP a 2001. Kafin nan, a cikin kayan aikin ƙari ake samunta. Umarnin fitarwa yana buƙatar abu biyu, sunan maɓalli da sunan fayil. Misali, manhajar PuTTY, wadda Simon Tatham ya rubuta domin shiga kwamfutocin nesa, tana ajiye duk saitunanta a rajista, don haka mai son ƙaura da su zuwa sabuwar kwamfuta zai rubuta:

reg export HKCU\Software\SimonTatham\PuTTY C:\ajiya\putty.reg

Wannan zai kwashe maɓallin da duk ƙananan maɓallan da ke ƙarƙashinsa. Idan akwai fayil mai wannan suna, manhajar za ta tsaya ta tambaya ko a rubuta a kansa, sai dai idan an ƙara /y a ƙarshen layin. Idan sunan maɓalli ko na fayil yana da fili a tsakiya, dole a saka shi cikin alamun zance. Umarnin yana aiki ne a kan kwamfutar da ake zaune a gabanta kawai, kuma maɓalli guda yake fitarwa a lokaci ɗaya. Ba ya iya ware ƙima ɗaya tilo daga cikin maɓalli.

Tsohuwar hanyar ita ce regedit /e, a bi ta da sunan fayil sannan sunan maɓalli. A nan jerin ya juya, fayil ne ke fara zuwa, kuma regedit ba ya karɓar gajerun sunaye irin su HKCU, sai an rubuta HKEY_CURRENT_USER cikakke. Wannan ɗan bambanci yana yawan rikita masu koyo.

Tsarin fayil ɗin .reg

Abin da ake samu bayan fitarwa rubutu ne zalla da za a iya buɗewa da Notepad. Ga misali:

Windows Registry Editor Version 5.00

[HKEY_CURRENT_USER\Software\Gwaji]
@="misali"
"Suna"="Ƙofar gida"
"Adadi"=dword:0000000a
"Wuri"="C:\\Takardu\\Darasi"

Layin farko shi ne shaidar fayil ɗin, kuma idan babu shi ba za a karɓi fayil ɗin ba. Sunan maɓalli yana zuwa cikin baka biyu masu kusurwa. Alamar @ tana nufin ƙimar asali ta maɓallin, wadda ba ta da suna. Lambobin dword ana rubuta su ne da tsarin lissafi mai tushe 16, saboda haka 0000000a yana nufin 10. A cikin rubutun ƙima, karkatacciyar sandar da ke raba sunayen folda sai an ninka ta biyu. Sauran nau'ikan bayanai suna fitowa a matsayin jerin lambobi: hex(2) na rubutu mai ɗauke da sunaye irin su %SystemRoot%, hex(7) na rubutu mai layuka da yawa, hex(b) kuma na babbar lamba mai bit 64. Layin da ya fara da waƙafi mai ruwa sharhi ne, manhajar tana tsallake shi.

Fayil ɗin yana iya sharewa ma. Karan ɗori a gaban sunan maɓalli, kamar [-HKEY_CURRENT_USER\Software\Gwaji], yana goge maɓallin da duk abin da ke ƙarƙashinsa, yayin da "Suna"=- yake goge ƙima ɗaya.

Tsarin yana da siga biyu. Tsohuwar, mai farawa da REGEDIT4, ta zamanin Windows 95 da 98 da NT 4.0 ce, kuma tana amfani da tsohon tsarin haruffa na ANSI. Sabuwar ta zo da Windows 2000, ana ajiye ta da UTF-16. Bambancin yana da muhimmanci ga harsunan da haruffansu suka wuce na Turanci. Haruffan Hausa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, babu su a tsarin Windows-1252 da aka saba da shi, don haka sunan folda ko na mutum mai ɗauke da su zai iya lalacewa a tsohuwar siga, ko kuma idan an gyara sabon fayil aka sake ajiye shi a matsayin ANSI.

Shigarwa

Umarnin shigarwa gajere ne, domin sunayen maɓallan suna cikin fayil ɗin:

reg import C:\ajiya\putty.reg

Ba ya neman tabbaci kafin ya yi aiki. Idan ya yi nasara yana mayar da lamba 0, idan ya gaza kuma 1, kuma da wannan lamba ce fayil ɗin bat yake gane ko ya ci gaba ko ya tsaya. Takwaransa, regedit /s, shi ma yana shigarwa ba tare da tambaya ba, amma shirunsa ya yi yawa: ko aikin ya gaza ba ya nuna komai. Saboda haka reg import ya fi dacewa da aikin da ba mutum a zaune yana kallo.

Babban abin da ake yawan kuskuren fahimta shi ne cewa shigarwa haɗawa take yi, ba ta mayar da maɓalli yadda yake a da. Ƙimomin da ke cikin fayil suna hawa kan na rajista, waɗanda suka ɓace kuma suna dawowa, amma duk wani maɓalli ko ƙima da aka ƙara bayan fitarwa yana nan daram. Wanda ya fitar da maɓalli, ya saka wata manhaja da ta ƙara abubuwa a cikinsa, sannan ya shigar da tsohon fayil, bai cire abin da manhajar ta ƙara ba. Haka kuma fayil ɗin .reg ba ya ɗauke da bayanin izini, wato wa ke da ikon karanta ko canza kowane maɓalli.

Izini da sauran matsaloli

Rubutu a HKLM yana buƙatar ikon mai gudanarwa, kuma tun daga Windows Vista sai an buɗe tagar umarni da wannan iko musamman, ko da asusun mutum na mai gudanarwa ne. Akwai wani tarko a nan. HKCU yana nuni ne ga asusun da ya gudanar da umarnin, don haka idan ma'aikacin fasaha ya buɗe tagar da nasa asusun a kwamfutar wani, saitunan za su shiga nasa reshen, mai kwamfutar ba zai ga canji ba.

A Windows mai bit 64, manhajoji masu bit 32 suna da nasu sashe, HKLM\SOFTWARE\WOW6432Node, kuma Windows tana karkatar da su can ba tare da sun sani ba. Zaɓin /reg:32 da /reg:64 yana fayyace sashen da ake nufi.

Fayil ɗin .reg da aka samo daga intanet yana iya canza duk abin da mai shigar da shi ke da ikon canzawa. Maɓallin Software\Microsoft\Windows\CurrentVersion\Run, alal misali, shi ke ɗauke da jerin manhajojin da ke tashi da kansu idan an shiga kwamfuta, kuma miyagun manhajoji sun daɗe suna laɓewa a nan. Da yake fayil ɗin rubutu ne, ana iya karanta shi kafin a shigar. Kuskure a reshen SYSTEM yana iya hana kwamfuta tashi baki ɗaya.

Umarnin save da restore

Idan ana son kwafi na haƙiƙa, akwai reg save da reg restore. Na farko yana ajiye maɓalli a sigar amya, wadda ba a karanta ta da Notepad amma tana riƙe da bayanin izini. Na biyu yana maye gurbin abin da ke cikin maɓallin gaba ɗaya, sai dai yana gazawa idan wata manhaja tana riƙe da maɓallin a buɗe. Da reg load kuma ana ɗora amya ta ɗan lokaci a ƙarƙashin HKLM ko HKU, a gyara ta, a sauke da reg unload. Da haka ake gyara rajistar kwamfutar da ta ƙi tashi. Masu kutse ma suna amfani da reg save wajen kwashe SAM da SYSTEM domin samo bayanan kalmomin sirri, shi ya sa manhajojin tsaro ke sa ido a kansa.

Tun daga siga ta 1803 ta Windows 10, wadda ta fito a 2018, Windows ta daina ajiye kwafin rajista da kanta a foldar RegBack, kuma Microsoft ta ce ta yi haka ne don rage cin wuri a faifai. PowerShell yana nuna rajista kamar faifai, da sunaye HKLM: da HKCU:, amma ba shi da nasa umarni na fitar da fayil ɗin .reg, don haka masu amfani da shi ma reg.exe suke kira.